Yadda Kayan Ɗan Kasuwa Ke Fitowa Idan Mai Saye Ya Yi Bincike A Intanet

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai



Kwamitin shirya taro ya nemi in yi bayani a kan ciniki ta intanet cikin minti ashirin. Wannan fage yana da faɗi, saboda haka na zaɓi lungu ɗaya daga cikinsa, wato yadda mai kanti a intanet zai sa kayansa su riƙa fitowa idan mai saye ya shiga Google yana neman irinsu. Kafin wani ɗan ajinmu ya tambaye ni ina nawa kantin, ni ma'aikacin gwamnati ne, kuma Tsarin Mulkin 1999 ya hana irina gudanar da kasuwanci in ban da noma. Amma da yawa a wannan zaure 'yan kasuwa ne, wanda kuma ba ɗan kasuwa ba, da wuya a ce ba shi da mata ko ƙanwa ko ƙane mai sayar da turaren wuta, ko atamfa, ko takalma ta waya.

Duk wanda ya taɓa neman wani kaya a Google ya ga yadda hotuna kan jeru, kowane da farashinsa da sunan kantin da ke sayar da shi. Kamfanin ya fara wannan aiki a 2002 da sunan Froogle. A 2012 aka mai da shi Google Shopping, aka ce sai wanda ya biya kuɗin talla kayansa za su fito. Haka aka yi ta tafiya har 2020, shekarar annobar korona, lokacin da kantuna suka rufe, sai aka sake buɗe ƙofar kyauta, da farko a Amurka, daga baya a sauran ƙasashe. Yau ƙofa biyu ce ke nan: ta talla, wadda ake biya duk lokacin da wani ya latsa hoton kayanka, da ta kyauta. Nijeriya tana cikin ƙasashen da ake karɓar kayan 'yan kasuwarsu, da farashi a naira. A kan ƙofar kyauta zan yi magana, don ita ce daidai da ƙarfin yawancinmu.

Hanya mafi sauƙi ta fahimtar abin ita ce a ɗauki Google a matsayin dillali. Ba ya sayar da komai, nuna kaya yake yi ya turo maka mai saye. Bambancinsa da dillalin Kantin Kwari ko na Kasuwar Kurmi shi ne bai san ka ba, bai san mahaifinka ba, bai taɓa shafa kayanka da hannu ba, kuma ba mai tsaya maka a wurinsa. Abin da ka rubuta kawai ya sani, sa'an nan ya aiko na'urarsa ta shiga kantinka ta duba ko abin da ka rubuta gaskiya ne.

Don haka sharaɗi na farko shi ne a sami kantin da za a turo mutum. Shafin Instagram ko hotunan da ake ɗorawa a WhatsApp ba su isa ba. Dole ne ka mallaki shafin intanet naka, inda mai saye zai zaɓi kaya, ya ga jimillar kuɗi, ya biya a nan take ta hanya mai tsaro, kamar yadda kamfanoni irin su Paystack da Flutterwave ke samarwa. Daga nan sai ka buɗe rajista a wani sashe na Google mai suna Merchant Center, wanda ba a biyan ko kwabo, ka tabbatar masu cewa shafin naka ne. Sai ka miƙa jadawalin kaya: kowane kaya layinsa, da lambarsa, da sunansa, da bayaninsa, da adireshin shafinsa, da hotonsa, da farashinsa, da ko akwai shi ko ya ƙare. Mai kaya kaɗan yana iya cika shi da hannu a Google Sheets. Wanda ya gina kantinsa da Shopify ko WooCommerce kuwa, akwai manhajar da ke aika jadawalin da kanta.

To, jama'a, duk wannan yaro mai wayo zai iya yi maka shi a yini ɗaya. Inda gizo ke saƙa shi ne farashi, kuma a nan nake so in ɗan daɗe.

Mu mun tashi a kasuwar da ba a rubuta kuɗin kaya. Mai saye ya taya, ka ce albarka, ya ƙara, ka duba tufafinsa da takalminsa, ka sallama ko ka hana. Da muka koma waya ma ba mu bar halin ba: a ɗora hoto, a ce mai so ya yi magana ta bayan fage a gaya masa kuɗi. Dalilan sanannu ne. Ana tsoron maƙwabci ya gani ya rage nasa, ana kuma so a bar wa ciniki ƙofa. Wannan dillalin kuwa ba ya taya kaya, kuma ba ya ɗaukar abin da ba shi da farashi. Bugu da ƙari, kuɗin da ke cikin jadawali dole ya zama shi ne a shafin kayan, shi ne kuma a wurin biya. Alal misali, in ka rubuta takalmi N25,000 a jadawali, na'ura ta zo ta tarar da N27,000 a kanti, za a iya sauke wannan takalmin daga sakamakon bincike, in abin ya yawaita a dakatar da rajistar gaba ɗaya. Tun da aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yunin 2023, kowa ya ga lokacin da kuɗin kaya ke sauyawa cikin mako guda. Wanda ya gyara a kanti ya manta da jadawali ya saɓa ƙa'ida, ko da bai yi niyyar cutar kowa ba. Shi ya sa nake ganin duk mai kaya fiye da ashirin ko talatin gara ya bar manhaja ta riƙa aikawa. Jadawalin da aka ɗora aka bari kwana 30 ba a sabunta ba ma, kayan cikinsa sauka suke yi da kansu.

Ni a ganina wannan takurawa ta fi amfanar ƙaramin ɗan kasuwa. Matar da ke Fatakwal tana neman turaren wuta da tsakar dare ba za ta aika wa mutum biyar saƙo ta zauna jiran amsa ba. Wanda ta ga kuɗinsa a rubuce, shi za ta saya wa.

Haka zancen yake game da kai kaya da mayar da shi. “Za mu ba direba a tasha, ku daidaita” ba bayani ba ne a wurin wannan dillali. Ana son a rubuta kuɗin kaiwa da yawan kwanakin da za a ɗauka. Ana kuma son a ga hanyar da za a same ka, da ƙa'idarka ta mayar da kaya a fili, ko da ƙa'idar ita ce ba ka karɓa. Sai dai masu buga wa rasit “kaya in ya fita ba ya dawowa” su sani cewa dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018 ta ba mai saye damar mayar da kayan da ya tarar da aibu a cikinsu. Kantin da ya ɓoye waɗannan abubuwa yakan faɗa cikin laifin da Google ke kira yaudarar mai saye, kuma fita daga wannan dakatarwa ta fi shiga wuya nesa ba kusa ba.

Sai sunan kaya. Malamanmu na Turanci da suka sha fama da mu a kan rubuta abu a taƙaice, ga ranar aikinku ta zo, domin da Turanci ake cika jadawalin a nan ƙasar. An ba ka harafi 150, amma na farkon ne kawai ke fitowa a fuskar waya, don haka sai ka fara da abin da mai saye zai rubuta: mene ne kayan, na maza ne ko na mata, da me aka yi shi, wane launi, wace lamba. Kirari irin na “mai kyau da rahusa” ba a yarda da shi ba, haka ma rubutu da manyan baƙaƙe zalla. Kilishi kuwa a bar shi kilishi, zanna bukar a bar ta da sunanta, don da shi ake nemansu. Hoto ya zama na kayan kansa, a fili, ba tare da an liƙa lambar waya ko tambarin kanti a kansa ba, abin da mutanenmu suka saba yi don gudun masu satar hoto.

Akwai kuma lambar nan mai zane-zanen layuka da ke bayan kwalin kaya, wadda ake kira GTIN. Ƙungiyar GS1 ce ke bayar da ita a duniya, tana da reshe a Nijeriya, kuma lambobin da reshen ke bayarwa da 615 suke farawa. In kana sayar da kayan kamfani, ka kwafi lambar da ke jikinsu daidai, domin da ita Google ke gane cewa wayarka da ta wancan kantin iri ɗaya ce. In kuwa aikin hannu ne, kamar jakar dukawa ko hular da aka ɗinka a gida, akwai gurbin da za ka nuna cewa ba shi da lamba. Kada dai a ƙirƙira, kada kuma a ari ta wani.

Wani zai ce, in na yi duk wannan, kayana ne za su fito a sama? Ba wanda zai yi maka wannan alkawari, kuma duk yaron da ya ce ka ba shi kuɗi ya tabbatar maka da shi, ka riƙe kuɗinka. Masu biyan talla su ne a gaba. Shi kansa dillalin yana da nasa son rai: a 2017 Tarayyar Turai ta ci Google tarar Yuro biliyan 2.42 saboda fifita sashensa na sayayya a kan na abokan hamayya, kuma babbar kotun Tarayyar ta tabbatar da hukuncin a 2024. Wanda kuma bai kai ƙarfin buɗe shafi nasa ba tukuna, yana iya farawa da kama rumfa a Jumia ko Konga, waɗanda suke aiki tun 2012. Za su yanki kasonsu a kowane ciniki, amma a can ma sai ya rubuta farashi, ya ɗauki hoto mai kyau, ya karɓi kayan da aka mayar, kafin ya kai ga nasa kantin.

Ranka ya daɗe Shugaba, na ga mai kula da lokaci yana ɗaga mani hannu. Mai tambaya a kan cika jadawalin ya same ni bayan an tashi.