Yashi, Madatsun Ruwa da Tafiyar Jirage a Kogin Kaduna da Kwara



Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin titi a Unguwar Boro bayan ruwan Agusta, ya san launin ruwan da ke gangarowa: ja wur, ɗauke da ƙasar filaye da yashin magina. Wannan ruwa yakan bi kwatoci da rafuffuka har ya faɗa Kogin Kaduna. Manufar wannan lacca ita ce a bi sawun yashin nan, a ga inda yake kwana, da irin asarar da yake jawowa.

Da farko dai, ƙa'idar ba ta da wuya. Ruwa mai gudu shi ke iya ɗaukar kaya. Da zarar ya lafa, sai ya sauke. Tsakuwa ke fara zama, sannan yashi, daga baya laka. Wannan ne ya sa jirgi kan wuce wuri lafiya da damina, amma da rani ya kafe a kan tudun yashi.

Matsalar ba sabuwa ba ce. Lokacin da Lugga ya mai da hedkwatarsa Zungeru a 1902, jiragen ruwa ba sa iya kaiwa garin, sai da aka shimfiɗa ƙaramin layin dogo daga Barijuko. Rashin tabbas na kogi yana cikin dalilan gina layin dogo daga Baro zuwa Kano, wanda ya isa Kano a 1911.

To, me ke faruwa idan aka datse kogi? Madatsa takan mai da ruwa mai gudu tafki, saboda haka yashi ya kwanta a bakin tafkin ta sama, laka kuma ta matso kusa da bango. Madatsar Shiroro, wadda ta fara aiki a 1990 da ƙarfin megawat 600, tana ƙasa da birnin Kaduna ne a kan wannan kogi. Ke nan wani kaso na ƙasar da ruwa ya kwasa daga Unguwar Boro da Sabon Tasha can yake ƙarewa, yana cinye wurin da aka tanada domin ruwan da ke juya injunan lantarki da rani. A ƙasan madatsa kuwa, ruwan da ya fito ba kaya sai ya shiga cin gaɓa. Haka ta faru a Masar bayan kammala madatsar Aswan a 1970: lakar Nilu ta daina isa bakin teku, gaɓar ta yi ta zaizayewa.

Dangane da jirage, madatsa bango ce a kan hanya. Shi ya sa a Kainji, wadda aka kammala a 1968, aka gina abin da za a iya kira zauren jirage: wani dogon ɗaki mai ƙofa gaba da baya. Jirgi ya shiga a rufe, a cika zauren da ruwa ko a rage, har ya yi daidai da ruwan ɗaya ɓangaren. Sai dai ruwan mashigin zaure a kwance yake, don haka nan ma laka ke taruwa, ta toshe hanya, ta hana ƙofa rufuwa.

Injiniyoyi suna da dabaru huɗu. Ta ɗaya, yashe kogi, kamar aikin da Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya ƙaddamar a 2009, daga Warri zuwa Baro, tsawon kilomita 572. Amma yashewa kamar shara ce, ba a yin ta sau ɗaya, domin kowace damina da kayanta take zuwa. Ta biyu, jera shingayen duwatsu daga gaɓa domin a matse ruwa ya share hanyarsa da kansa. Ta uku, buɗe ƙofofin gindin madatsa lokacin ambaliya. Ƙasar Sin ta koyi wannan da tsada: madatsar Sanmensha a kan Rawayan Kogi, wadda aka gama a 1960, ta cika da laka cikin 'yan shekaru, har sai da aka sake huda mata mafita. Ta huɗu, wadda ta fi arha, ita ce hana ƙasa barin wurinta tun farko.

A nan ne nauyi ya hau kan ma'aikacin gwamnati. Jami'in da ya ba da izinin gini a bakin rafi, ko ya kau da kai daga masu haƙar yashi barkatai, ko ya bari aka sare itatuwan gaɓa, ya sa hannu a cikar Shiroro ko da bai taɓa ganinta ba. Kafin nan ma, kogin da cikinsa ya cika da yashi ba ya da wurin zuba ruwa sai gidajen mutane, kuma mazauna Kaduna ba su manta da ambaliyar 2003 ba. Ɗalibai kuwa, aikin da ke jiransu shi ne awo: zurfin tafki da nauyin lakar da ke cikin ruwa, shekara bayan shekara, domin ba a tsara magani a kan zato.

Hausawa sun ce da yayyafi kogi kan cika. Haka tafki ke cika da yashi, kwata bayan kwata, kuma a bakin kwatar ya fi sauƙin tarewa.