Hakkin Iyalin Ɗan Kwana-kwana

In gobara ta tashi, kamar ta kasuwar Sabon Garin Kano a 2016, kowa ta kansa yake yi, ɗan kwana-kwana kuwa cikin wutar yake kutsawa. To, in ya rasu a bakin aiki fa?

Dokar fansho ta 2014 ta wajabta wa gwamnatin tarayya yi wa ma'aikacinta inshorar rai, wadda ba ta gaza albashinsa da alawus na shekara 3 ba. Abin da ya tara a asusun fansho ma na magadansa ne. Ma'aikacin jiha kuwa, sai a duba dokar jiharsa.

Amma ba a biyan kuɗin asusun fansho sai da takardar shaidar mutuwa da ta kotu mai nuna magada. Wanda ya san matar irin wannan mamaci, don Allah ya raka ta ofis.