Laccar Magatakarda A Kan Dokar Likitocin Haƙori

Iyayena da 'yan'uwana talakawan Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, da ku 'yan kasuwa da kuka bar rumfunanku kuka zo. Maganar haƙori na kawo muku yau.

Wanda ciwon haƙori ya taɓa hana shi barci ya ɗaga hannu. To, kun gani, kusan dukanmu ne. Ina muka nufa kuwa? Wajen wanzami, ko kemis, ko mu cusa kanumfari a kogon mu yi haƙuri. Wata gwaggona mai sayar da fura ta kwana tara da kumburin kunci, sa'an nan aka haɗa mata kuɗin mota zuwa Kano. Jarinta duka a nan ya ƙare. Mutumin Riruwai fa, wanda sai ya keta dajin Falgore tukuna?

A shekarar 2023 wani ɗan Majalisar Wakilai daga Ikko, Ganiyu Johnson, ya kawo shawarar gyara dokar likitoci da likitocin haƙori. Abin da ya nema shi ne, duk wanda ya koyi likitanci a Nijeriya kada a ba shi cikakken lasin sai ya yi wa ƙasa aikin shekara 5. Dalilinsa, likitocinmu suna ta ƙaura zuwa Ingila da Amurka. Shawarar ta wuce karatu na biyu a watan Afrilu, likitoci da ɗalibai suka ƙi ta, wa'adin majalisar ya ƙare a watan Yuni ba ta zama doka ba. Amma ƙaurar da ta jawo ta ba a magance ta ba, saboda haka maganar tana iya dawowa.

Wani zai ce, ai gara a tsare su, da dukiyar jama'a aka koyar da su. Wannan magana da ƙamshin gaskiya. Amma ku lissafa tare da ni. Yaro ya shiga Jami'ar Bayero koyon aikin haƙori, shekara 6. Ya yi shekara 1 yana aiki ƙarƙashin manyan likitoci, ya yi 1 ta bautar ƙasa. Ubansa ya sayar da masara da tumaki yana jiran ranar hutawa, sai a ce lasin sai nan gaba. Wanda ba shi da cikakken lasin kuwa ba ya buɗe asibitin kansa a Kwanar Ɗangora. Ɗan mai hali ya tafi waje ya yi karatunsa, ɗan talaka kaɗai igiyar ta kama.

Kuma in an tsare likitan, a birni zai zauna. Aikin haƙori yana bukatar kujera ta musamman, da lantarki, da ruwa, da tukunyar dafa kayan aiki. In babu waɗannan, ko an kawo shi Doguwa, hannu zai naɗe.

Kada ku raina ciwon baki. A Sakkwato tun 1999 akwai asibiti guda na cutar nan mai cin kunci da leɓen yara, wadda likitoci ke kira Noma. Daga dasashi take farawa, 'ya'yan matalauta take kamawa.

Ga abin da za mu nema. A sa kujerar haƙori da ma'aikacinta a babban asibitin kowace ƙaramar hukuma tamu. A biya likitan ƙauye albashinsa kan lokaci, da ƙari. A ɗauki nauyin karatun 'ya'yanmu bisa yarjejeniya tun farko, cewa za su dawo su yi mana aiki.

Wakilai biyu gare mu a majalisar nan, na Kiru da Bebeji, da na Tudun Wada da Doguwa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kowane reshe ya rubuta musu takarda a makon nan, wanda bai iya rubutu ba ya zo ofis in rubuta masa kyauta, ya dangwala.

Allah ya ba mu lafiya. Wassalam.