Kafin a Ɗaure Kaya: Abin da Waya Ta Sani Game da Hanya

  

Wani mai saurarenmu daga wajajen Madawa ya aiko da saƙon murya. Ya ce ƙanensa da ke zaune a zangon Kumasi zai aurar da ɗiya, shi kuma yana so ya je da uwargida, da yara uku, da tsohuwarsa wadda rabonta da ɗan nata shekara goma sha ɗaya. Ya ce shi kansa ya saba da hanya, ya yi Kwatano ya yi Lome da albasa, to amma bai taɓa jan iyali ba. Tambayarsa ita ce, wannan waya da yara ke ta latsawa, akwai abin da za ta tsinana masa? Akwai, Malam. Sai dai akwai kuma inda za ta kai ka ta baro, don haka bari mu bi abin sannu a hankali.

Kakanninmu da suka yi fataucin goro zuwa Gwanja ba su tashi haka kawai ba. Ayari yana da madugu, yana da jagaba da ke wucewa gaba ya dubo inda za a yada zango, da inda ruwa yake, da sarkin da za a biya fito. Watanni ake yi kafin a ga Salaga. Yau wani ɓangare na aikin jagaba ya koma cikin waya. Na ce wani ɓangare, ku riƙe wannan.

Mu fara da taswira. Manhajar Google Maps tana cikin kusan kowace babbar waya. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, ana iya sauke taswirar yanki a ajiye ta cikin wayar tun ana gida, inda layi ke da ƙarfi. In an yi haka, ko an shiga dajin da babu layi, ko data ta ƙare, ɗigon nan shuɗi zai ci gaba da nuna inda kake, domin da tauraron ɗan'adam yake aiki, ba da kamfanin waya ba. Wanda bai iya karatu ba ya sa yaro ya sauke masa, aikin 'yan mintoci ne.

To amma ga inda gizo ke saƙa. In mutumin Madawa ya rubuta Kumasi, taswira za ta auna masa hanya mafi kusa, wataƙila ta Yamai a shiga Burkina Faso a gangara Gana. Ita tsawon hanya take lissafawa. Ba ta san cewa hanyoyin gabashin Burkina sun yi shekaru suna fama da hare-hare ba, har manyan motoci sai da rakiyar soja. In ta nuna hanyar Dosso zuwa Gaya a haye gada zuwa Malanbil, ba lalle ta gaya maka cewa tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 gadar ta daɗe a rufe ba, har mutane suka koma tsallake kogi da kwalekwale. Namiji shi kaɗai da jakarsa zai shiga kwalekwale. Tsohuwa da jikoki uku fa? Hanya ta uku ita ce ta Ƙonni a shiga Illela, Sakkwato, a gangara Legas, sannan Seme, Kwatano, Lome, Aflawo, Akra, a hau zuwa Kumasi. Ku ƙirga: iyaka huɗu ke nan, kuma a kowace sai an sauka an nuna takardu. Awannin da taswira ke rubutawa ba su haɗa da wannan ba, ba su haɗa da shingen duwan da na jandarma ba, balle tsayawar salla da fitsarin yara.

Ni kaina na taɓa cin wannan tuwon. Wata damina na ɗauki iyali za mu ta'aziyya, waya ta nuna min wata 'yar hanya ta yanke, ta ce za mu rage awa guda. Muka bar kwalta. Ashe akwai ƙorama a gaba, ruwa kuma ya sauka a daren jiya. Nan muka wuni a bakin ruwa, ƙaramar ɗiyata na kuka, sai da wani mai amalanke ya zo ya nuna mana mashigi wajen la'asar. Da na tsaya na tambayi mai shayi a mararraba, da ban sha wannan ba.

Saboda haka labarin hanya na yau, wajen direbobi yake da 'yan kamasho. Su ma yanzu suna da zaurukansu na WhatsApp, kuma kusan kowace tasha akwai wanda za ka kira. Abu ɗaya nake roƙo: in an turo muku saƙon murya an ce an rufe iyaka ko an tare hanya kaza, ku tambayi yaushe aka ɗauke shi, kuma wa ya ɗauka. Saƙon bara yakan dawo bana a matsayin sabo, ya hana mutane tafiya ko ya sa su canza zuwa hanyar da ta fi haɗari. A WhatsApp ɗin kuma akwai wurin da za ka raba inda kake kai tsaye har na awa 8, ɗan'uwanka a gida yana kallon motarku tana tafiya. Ka tura wa mutum ɗaya ko biyu da ka yarda da su. Kada ka zuba shi a zaure mai mutum ɗari biyu, ba ka san wanda ke ciki ba.

Sai takardu. Yarjejeniyar ECOWAS, wato CEDEAO, ta 1979 ita ta ba ɗan ƙasashen ƙungiyar damar shiga wata ƙasar ya zauna har kwana 90 ba tare da biza ba. Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ƙungiyar ranar 29 ga Janairun 2025, amma a ranar ECOWAS ta sanar cewa a ci gaba da karɓar fasfo da katin shaida masu tambarinta daga 'yan ƙasashen uku har sai an ji wata sanarwa. Irin wannan magana tana iya sauyawa, don haka a duba kafin a tashi. Kamaru da Cadi kuwa dama ba sa cikin ECOWAS, tasu ƙungiyar daban ce, dokarsu daban. A ina za a duba? A shafin hukuma. Ga alama mai sauƙi: adireshin shafukan gwamnatin Nijeriya yana ƙarewa da gov.ng, na Gana da gov.gh, na Nijar galibi da gouv.ne. Fasfon Nijeriya yanzu ta intanet ake cike takardarsa a biya kuɗin, kuma sai da lambar NIN, sunan da ke jiki kuma ya dace harafi da harafi. Muhammadu a nan, Mamman a can, ya isa ya riƙe ka makonni.

Kowane yaro a riƙe masa takardar haihuwa. In ɗan riƙo ne, kamar yadda muka saba, a karɓi rubutacciyar yardar iyayensa, domin jami'an iyaka suna sa ido kan safarar yara, kuma "ai ɗan ƙanwata ne" ba takarda ba ce. Ku ɗauki hoton duk takardun ku tura wa wani ɗan'uwa. Hoton ba zai tsallakar da ku iyaka ba, amma ranar da jaka ta ɓata za ku gode masa.

Akwai kuma katin rigakafin shawara, mai ruwan ɗorawa. Allurar ba ta fara aiki a takarda sai bayan kwana 10 da yin ta, don haka wanda ya je asibiti ana gobe tafiya ya makara. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa, ba sai an sabunta duk shekara goma ba. Yaro daga wata 9 ake yi masa. Na san a bakin wasu tashoshi akwai masu sayar da katin ba tare da allura ba. Wanda ya saya wa ɗansa irin wannan, jami'i ya yaudara, sauro bai san da zancen ba.

Kuɗi. Ku 'yan kasuwa ba ni zan koya muku canji ba, amma ga abin da ya shafi iyali. Sefa a ɗaure take da yuro, sefa 655.957 a kan yuro ɗaya, ba ta motsi. Naira da sidin Gana kuwa kullum cikin hawa da sauka suke. Akwai shafuka irin su XE da ke nuna farashin ranar. Ba shi ne farashin ɗan canji na bakin iyaka ba, amma zai ba ka ma'auni, ka san in ana so a yi maka yankan kai. Mai zuwa Garwa ko Njamena kuma ya tuna sefar can darajarta ɗaya da ta nan, amma takardar daban ce, mai shago ba zai karɓi ta Yamai ba.

Wasu ƙananan abubuwa da ke ɓata tafiya: agogon Gana da Togo da Burkina yana bayan na Nijar da Nijeriya da Benin da awa ɗaya. Lambobin wayar Benin kuma tun ƙarshen Nuwamban 2024 an ƙara musu 01 a gaba, sun koma lamba goma. In tsohuwar lambar mai masaukinka a Kwatano ba ta shiga, duba wannan kafin ka ce ya guje ka. Ga wanda bai jin Faransanci ko Turanci, Google Translate tana fassara Hausa, ana ma iya sauke ta a yi aiki da ita ba layi. Ta isa tambayar ina tasha, nawa ne ɗaki. Kada dai a sa hannu kan takardar kuɗi da fassararta, takan yi kwaɓa.

Makiyaya, ban manta da ku ba, domin ku kullum da iyali kuke tafiya. Cibiyar AGRHYMET da ke Yamai, wadda aka kafa a 1974, takan fitar da hasashen damina kafin ruwa ya sauka: ko zai zo da wuri, ko za a samu tsaiko a tsakiya. Hukumar NiMet ta Nijeriya ita ma tana fitar da nata a farkon shekara. Hasashe ne na yanki, ba zai ce maka gobe za a yi ruwa a rugarka ba, amma yana taimakon mai shawarar yaushe za a juyo arewa. Wanda ya ga daminar 2024, lokacin da ruwa ya yanke hanyoyin shiga Yamai a watan Agusta, madatsar Alau kuma ta ɓalle ta cinye Maiduguri a Satumba, ya san ba abin rainawa ba ne. Akwai kuma Garbal, wadda aka fara a Mali a 2017 ta iso Burkina da Nijar. Kira ake yi da ƙaramar waya, a gaya maka inda ciyawa da ruwa suke bisa hoton tauraron ɗan'adam, da farashin dabbobi a kasuwanni. Takardar ƙetare iyaka da dabbobi kuwa, wadda ECOWAS ta tsara a 1998, mai ɗauke da yawan garke da rigakafin da aka yi da hanyar da za a bi, har yanzu wajen likitan dabbobi ake samunta. Kuma takardar ba ta buɗe ƙofar da aka rufe: Benin ta hana shigar garken ƙetare tun Disambar 2019.

Yanzu babbar tafiya, wadda kowa ke tara kuɗinta. A nan ne 'yan damfara suka fi kafa tarko. Za ka ga talla a Facebook, hoton Ka'aba, kujera da rabin kuɗi, a turo kafin alƙalami. Aikin Hajji ta hukuma ake bi, COHO a Nijar, NAHCON a Nijeriya, ko kamfanin da suka ba lasisi, kuma ana iya zuwa ofis a tambaya ko sunan kamfani na cikin jerin. Bizar ziyara ba ta Hajji ba ce. A Hajjin 2024 hukumomin Saudiyya sun ce mutum 1,301 suka rasu cikin tsananin zafi, kashi 83 cikin ɗari kuma ba su da izinin Hajji, wato ba su da tanti mai sanyi, ba motar da za ta ɗauke su. Manhajar hukumar Saudiyya ita ce Nusuk, da ita ake neman lokacin shiga Rauda a Madina. Duk wanda kuma ya kira ka ya ce karanto masa lambar da ta shigo wayarka yanzu don ya kammala maka rajista, kashe wayar. Asusunka yake nema.

To wanda bana ba shi da halin zuwa ko'ina fa? Da daddare in an gama tatsa, a tara yara a buɗe Google Earth. A nemo garinku, a nemo rijiyar da kuke shayarwa, sannan a bi kogin Kwara da yatsa tun daga tsaunukan Gini, ta Bamako, ta kusa da Tambutu, ta Yamai, ta Lokoja inda ya haɗu da Binuwai, har teku. A nuna musu hasumiyar masallacin Agadas, a tsallaka Bahar Maliya a ga Jidda. Sai dai a sani hotunan ba na yau ba ne, wani ya shekara biyu ko uku. Tafkin da ka gani cike a waya, kada ka kora shanu kwana biyu dominsa ba ka aika an dubo ba. Abin kuma yana shan data, gara a yi shi lokacin garaɓasar dare.

Mai tambayarmu na Madawa, in da ni ne kai, zan fara da allurar yara da ta tsohuwa a wannan makon, in kira ƙanen nan in ce ya haɗa ni da direban da ya zo daga Kumasi cikin kwanakin nan, in ji ta bakinsa wace hanya ya biyo. Sannan in ƙara kwana biyu a kan duk abin da waya ta lissafa, in sayi batirin ajiya, in rubuta lambobi uku a takarda in ba uwargida ta ɗaure a bakin zane.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba aika kuɗi ta waya tsakanin sefa da naira, da abin da ake yanka a kowace aikawa. Mai tambaya ya turo tun yanzu. A huta lafiya.