KAREN RUWA: Masu Kama Shi Ƙarƙashin Ƙanƙara Suna da Nasu, Mu Namu Ina Ya Tafi?

Waɗanda data ba ta ishe su sauraren murya ba, ga rubutun nan kamar yadda munka saba. Daga Shinaka nake magana, ƙaramar hukumar Goronyo. Gaisuwa ga mutanen Wurno da Rabah da Sakkwato birni, da 'yan uwanmu da ke ci-rani a Kudu.

Yau maganar karen ruwa za mu yi. Na san wani zai ce, "Kai wane, ana fama da matsalar tsaro da tsadar taki, kai kana zancen dabba?" Na ji, kuma da gaskiyarka. Ka ba ni minti goma kawai. In mun kai ƙarshe za ka ga maganar kifin miyarka ce, da ruwan da ɗiyanka ke sha.

Bari mu fara da tambaya. Matasa 'yan ƙasa da shekara talatin, wa ya taɓa ganin karen ruwa da idonsa a Gulbin Rima? Ban ce a waya ba. Yanzu je ka tambayi kakanka, ko wani dattijo cikin masunta. Zai kwatanta maka shi tsaf: dogon jiki, gajerun ƙafafu, gashi mai santsi, wutsiya mai kauri, ga wayon tsiya wajen satar kifi a raga. Tsakanin kakanka da kai, dabba guda ta koma labari. Ruwa kuwa ba ya tsami banza.

To, mu ɗan yi tafiya zuwa inda ake farautar wagga dabba a matsayin sana'a, sannan mu dawo gida.

A Kanada da arewacin Amurka, jihohi irin su Alaska da Minnesota, akwai nasu irin karen ruwa. Can idan hunturu ya shiga, ba irin namu ba ne na hazo da tsagewar leɓe. Saman gulbi ne ke daskarewa ya zama ƙanƙara, har mutum ya taka ya wuce. Idan kaurinta ya kai kamar santimita 10 tana ɗaukar mutum. Amma ƙarƙashin wannan ƙanƙara ruwa na nan yana gudu, kifi na nan, karen ruwa kuma yana nan yana farauta, don shi ba ya kwanciyar hunturu. Yana nutsewa na 'yan mintuna, ya fito ya shaƙi iska ta wata ɓula, ya koma.

Lokacin ne mafarauta ke fita, saboda a cikin sanyi gashinsa ya fi kauri da kyau, kuma fatar suke so, ba naman ba. Mafarauci zai bi bakin gulbi yana duba sawu a kan dusar ƙanƙara, da inda dabbar ta yi sulu da ciki, da inda take kashi. In ya gane wani matsattsen wuri da dole ta nan za ta bi, sai ya fasa ƙanƙara da gatari ko ƙarfe, ya ɗaura tarko a jikin sanda, ya zura shi cikin ruwa daidai hanyar. Tarkon na ƙarfe ne mai kusurwa huɗu, ana kiransa Conibear, sunan wani mafarauci ɗan Kanada, Frank Conibear, wanda ya ƙera shi, ya shiga kasuwa a shekarun 1950. Dabba na ratsawa sai ya rufe mata wuya da ƙirji. Ramin ya sake daskarewa, bayan kwana biyu ko uku mai tarko ya dawo ya sake fasawa ya duba. Aiki ne mai wuya da haɗari, don in ƙanƙara ta rufta da kai, sai wani ikon Allah.

Wannan ciniki na fata ya daɗe. Kamfanin Hudson's Bay tun 1670 anka kafa shi don shi. Kuma kada ku ɗauka masu hankali ne tun farko. Sun yi ta kamu ba lissafi, sun gurɓata ruwa da dattin masana'antu, sun cike fadamu, har zuwa farkon shekarun 1900 karen ruwa ya ƙare ƙaf a jihohi da dama na Amurka. Sun yi ɓarnar da ta fi tamu.

Abin da sunka yi bayan nan shi ne darasin yau. Daga 1976 sunka fara ɗauko karnukan ruwa daga inda sunka rage suna sakewa inda sunka ƙare, sama da 4,000 a jihohi 21. Sunka tsabtace ruwa. Sannan sunka ɗaure farautar da sharuɗɗa. Sai da lasin. Sai a lokacin da anka buɗe, 'yan watannin sanyi, ba lokacin da uwa ke shayarwa ba. Akwai adadi: a Minnesota mutum ba ya wuce huɗu a kaka guda. Kowace fata sai an kai ta wurin jami'i ya rubuta ya sa mata lamba, kuma ba ta fita ƙasar waje babu wannan lamba, saboda tun 1977 dabbar na cikin yarjejeniyar CITES mai kula da cinikin namun daji tsakanin ƙasashe. Da wannan rubutu suke gane ko dabbar na ƙaruwa ko tana raguwa, in ta ragu su rage adadi ko su rufe.

Kun ga abin mamaki? Mutanen da ke kashe shi kowace shekara don kuɗi, har yau suna da shi. Mu da ba mu da kasuwar fatarsa, namu ya zama tatsuniya. Bambancin ba tausayi ba ne. Lissafi ne da doka da ake bi.

Mu dawo gida. A Najeriya akwai irin da ba shi da farce, babba ne, yana wuce kilo 10, hannunsa kamar na yaro, da shi yake laluben ƙaguwa da kwaɗi da kifi cikin laka. Akwai kuma ƙarami mai ɗige-ɗige a wuya, shi kifi ya fi ci, kuma da ido yake farauta, don haka yana son ruwa garau. Duka biyun masana sun sa su cikin dabbobin da ke dab da shiga haɗari. Kuma dokar Najeriya ta kare namun daji ta 1985, wadda anka yi wa gyara a 2016, ta hana farautarsu. Doka na nan a takarda. Wa ya taɓa jin an karanta ta a bakin gulbi?

Karen ruwa abu uku yake nema: abinci a ruwa, duhuwa a gaɓa inda zai ɓoye ya haihu, da ruwan da ba ya ƙafewa. Mu duba su a Rima.

Ruwa tukuna. Dam ɗin Goronyo an gama shi a 1984, anka ƙaddamar a 1992, an gina shi ya riƙe ruwa kubik mita miliyan 942. Shi ke shayar da Sakkwato, shi ke riƙe da noman raninmu, albasa da tafarnuwa da shinkafa da alkama. Ba mai musun amfaninsa. Amma dam yana canza halin gulbi. Da can ambaliyar damina ke shiga fadama a kan lokacinta, kifi ya bi ta ya yi ƙwai cikin ciyawa, ruwa ya janye ya bar tafukka cike. Yanzu ƙofar dam ke da wannan hukunci. Mun ga iyaka biyu da idonmu: ambaliyar Satumban 2010 da ta cinye garuruwa da gonaki, da kuma 2018 lokacin da hukuma ta ce ruwan dam ya koma kusan kashi 10 cikin 100. Ga yashi da laka da ke cika shi kowace damina, saboda mun sare itatuwan da ke riƙe ƙasa.

Sai gaɓa. Yau muna noma har bakin ruwa, taku ɗaya ba mu bari. Duhuwar da ta rage a sa mata wuta da rani. Ban zargi manomi ba, ƙasa ta yi kaɗan, mutane sun yi yawa, wasu kuma matsalar tsaro ta raba su da gonakin tudu sun dawo fadama. Amma gaɓar da ba ciyawa ba saiwa ita ce ruwa ke zaftarewa, gonar taka ce ke tafiya.

Sai abinci, kuma nan ne abin ya fi ciwo. Ana su da gidan sauro, wanda ke kwashe har 'ya'yan kifin da ba su kai yatsa ba. Akwai kuma masu zuba guba, gamalin ko ragowar maganin feshi, kifi ya taso sama a kwashe a kai kasuwa. Wannan guba ba ta tsayawa kan kifi. Tana kashe ƙaguwa da kwaɗi, tana taruwa a kitsen duk abin da ya ci su, dabba ko mutum. Sinadarin da ke cikin gamalin, lindan, tun 2009 ƙasashen duniya sunka sa shi cikin waɗanda za a daina amfani da su. Ingila ta ga irin wannan. A shekarun 1950 zuwa 1970 karnukan ruwansu sun kusa ƙarewa saboda maganin ƙwari ɗan gidan su gamalin, mai suna diyaldirin. Da anka hana maganin, anka hana farautar a 1978, dabbar ta dawo a hankali, zuwa 2011 an same ta a kowane yanki na Ingila. Wato abu ne mai gyaruwa.

Yanzu ga mai cewa ina ruwansa da dabba. Karen ruwa shi ne a saman jerin masu ci a gulbi. In ya ɓace, yana gaya maka abin da ke ƙasa da shi ya lalace. Tambayi mai sayar da kifi a kasuwarmu yaushe rabon da ya ga babban giwan ruwa daga gulbin nan. Dubi girman tarwaɗa da karfasan da ake kawowa yanzu. Saurayin da ubansa ya yi aure ya gina gida da su, yau shi yana Legas yana tura baro, ko yana zaune ba aikin yi, kuma kun san abin da zaman banza ke haifarwa a gabashin Sakkwato. Maganar tsaro da maganar gulbi ba su rabu ba.

Dole kuma in yi wa masunta adalci. Baba masunci zai ce, "Ɗana, kai ba ka san zafin raga ba. Dabbar ga ta yaga mini kalli cikin dare guda, ta fasa gura ta cinye abin da ke ciki, ka ce in bar ta?" Baba, gaskiya ne, asara ce, kuma raga ta yi tsada. Amma a auna: wa ya fi cin kifin gulbin nan, dabbar da ke cin cikinta ta tafi, ko mutum ɗaya da galan na guba da ke kashe tafki sukutum? Kuma akwai dabara. A Ingila masu tarkon kifi suna sa ƙaramar ragar ƙarfe a bakin tarkon, kifi ya shiga, karen ruwa bai iya shiga. Maƙeranmu za su iya gwada irinta a bakin gura.

Kada wani ya ce lokacin buɗewa da rufewa al'adar Turawa ce. Tamu ce. A Argungu, can ƙasa da mu a kan ruwan nan, Matan Fada ana hana su a cikinsa sai ranar da anka buɗe, kuma da homa da gora ake shiga. Bikin tun 1934 ake yinsa, UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya a 2016. Me ya sa ake fito da manyan kifaye ranar? Don an bar su sun girma. Sarkin Ruwa a ƙasar Hausa aikinsa ke nan tun asali: ya ce yau a shiga, yau kada a shiga. Abin da Minnesota ke yi da lasin da lamba, kakanninmu sun yi shi da bakin Sarkin Ruwa.

To me za mu yi, mu matasa? Abu huɗu nake roƙo, kuma ba wanda ke buƙatar kwangila.

Na ɗaya, mu fara rubutawa. Kowa na da waya. Ka zauna da dattijo masunci ka ɗauki muryarsa: ina yake ganin karen ruwa, yaushe rabonsa da shi, wane kifi ya ɓace. In ka ga sawu a laka kamar tafin hannun yaro, yatsu biyar ba alamar farce, ko kashi mai ɓawon ƙaguwa a kan dutse, ɗauki hoto, rubuta wuri da rana, turo mana. Ɗalibanmu da ke sashen kifi da na gandun daji a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ga aikin bincike na kammala karatu a ƙofar gidanku. Amma don Allah kada kowa ya shiga inda ba lafiya saboda hoto. Rai ya fi.

Na biyu, mu je wurin hakimai da Sarakunan Ruwa da ladabi, mu roƙi a dawo da hutun su a tsakiyar damina lokacin da kifi ke ƙwai, ko da a tafki ɗaya ne a kowace gunduma, a gwada shekara biyu a ga bambanci.

Na uku, guba da gidan sauro. Wannan ba sai mun jira Abuja ba. In masunta da 'yan kasuwar kifi sun haɗa baki cewa ba mai sayen kifin guba, ya ƙare. Iyayenmu mata, ku ke saye, ku ke dafawa, muryarku ta fi tamu ƙarfi a nan.

Na huɗu, mai gona a bakin gulbi ya bar 'yan taku kaɗan ba noma ba wuta. Ba don karen ruwa kaɗai ba, don kada gonarsa ta bi ruwa.

Larabar ƙarshe ta watan Mayu ita ce ranar karen ruwa ta duniya, kuma lokacin ruwa ya ja baya, sawu na fitowa a laka. Ina so kafin ranar mu tara abin da munka samu daga Shinaka da Goronyo da Wurno da Rabah, mu karanta shi a shirin nan da sunan kowane gari.

Ku ajiye mana a ƙasa: me ake kiransa a garinku, kuma wa ya gan shi na ƙarshe? Wanda ke da masunci a gida ya kunna masa muryar. Allah Ya ba mu zaman lafiya, Ya albarkaci ruwanmu da gonakinmu. Sai mun haɗu a shiri na gaba.