Ranar da na fara riƙe sitiyarin tantan

Duk sa'ad da ruwan farko ya sauka a Funtuwa, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa kan mayar da ni gonarmu ta gandu, can kan hanyar Malumfashi. Ina ɗan shekara 12 Baba ya yi hayar tantan, jar Massey Ferguson. Direban ya zaunar da ni gabansa, ya ce, "Riƙe sitiyari, yaro, ka sa ido kan waccan ɗorawa." Ƙarfe na rawa a tafin hannuna, laka na kifewa a bayanmu, balbelu na biye suna tsintar tsutsa. Baba na tsaye bakin gona yana murmushi. Aikin da garmar shanu ke kwana uku a kai, kafin azahar mun gama.

Zamanin Shirin Bunƙasa Noma na Funtuwa ke nan, wanda Bankin Duniya ya tallafa wa tun 1975, aka yaɗa takin zamani da ingantaccen irin masara, aka gyara hanyoyin karkara.

Yau ƙaramin manomi a yankinmu sai ya jira tantan har damina ta yi nisa, ga tsadar man dizal. Abin na damuna ƙwarai: yaransa da dama ba su taɓa hawa ba.