Tiyatar Gyaran Muƙamuƙi ga Mai Amosanin Gaɓɓai

Yau kan tiyatar gyaran muƙamuƙi za mu tsaya.

Amosanin gaɓɓai ba gwiwa da yatsu kaɗai yake ci ba. Yana cin gaɓar da ke gaban kunne, har haɓa ta ja baya, haƙoran gaba su daina haɗuwa. A tiyatar, likita zai yanka ƙashin muƙamuƙi ya daidaita shi. To, in cutar ba ta lafa ba, gaɓar za ta ci gaba da zaizayewa, gyaran ya lalace.

Sai magani. Prednisolone, da ake ba masu cutar, yana raunana garkuwar jiki, yana jinkirta warkewar rauni. Cutar kuma takan sa gaɓoɓin wuya ma su saki, abin tsoro wajen sa bututun numfashi lokacin tiyata.

Shi ya sa likitoci ke jira sai cutar ta lafa. Mu kwana nan.